Daga ina mai rubutun ado da zane ke ɗebo abin da yake zanawa?

MaiAlƙalami_TW
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun ranar Asabar. Ni sana'ata rubutun Larabci na ado da zanen bangon littattafai, ina da ɗan shago a Tudun Wada, ba nisa da Kasuwar Barci. Wata baiwar Allah ta zo karɓar aikin da ta ba ni, sunan 'yarta da za a yi wa walimar sauka. Ta tsaya tana kallon zayyanar da na kewaye sunan da ita, can ta ce, "Malam, wannan a waya ka gano shi ko?" Na ce a'a Hajiya. Ta ce to a ina? Wallahi sai na yi shiru, na rasa ta cewa.

Sai da dare ya yi na kwanta sannan abin ya faɗo mini. Allon zayyanar mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Yana rataye a zaurenmu na birnin Zariya tun kafin a haife ni, an naɗe kansa da jar fata, Fatiha da farkon Baƙara a sama, a ƙasa kuma wani murabba'i da aka cika da igiyoyi ja da kore da rawaya suna shiga ƙarƙashin juna suna fita. Ina yaro nakan bi igiya ɗaya da yatsa in ga inda za ta ƙare, ba na samun ƙarshenta. Shekara ashirin ban sa allon nan a ido ba, ashe hannuna bai manta ba.

To tambayata ga masu wannan aiki, da masu sha'awarsa: ku daga ina abin yake zo muku? Kuma zan faɗi ra'ayina ko da za a yi mini ca. Yawancinmu yanzu mun koma kwaikwayon Turkawa da Farisawa a intanet, mun bar na gida yana cin ƙura.

Ummu_Hanan
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ka sa na tuna na kakanmu, mu kam gara ce ta cinye shi.

ƊanRigasa01
Malam ilhama ɗaya na sani, ita ce mai gidan haya ya ƙwanƙwasa ƙofa ranar ɗaya ga wata. Nan take za ka ga basira na zuba kamar ruwan Agusta 😂

Alaramma_Badarawa
Malam MaiAlƙalami, Allah ya yi albarka. Waɗannan launuka da ka ambata ba haka kawai mai zayyana ya tsince su ba. Duk wanda ya taɓa rubuta Alƙur'ani da hannu a ruwayar Warshu ya san tawada huɗu ke gabansa. Baƙa ta baƙaƙe, ja ta wasali, rawaya ta hamza, koriya ta alifin sadarwa. To idan ya gama shafi ya zo wajen zayyana, da me zai yi? Da abin da ke cikin kwalabensa. Shi ya sa za ka ga zayyanarmu ba ta cika fita daga waɗannan huɗun ba.

Sannan wurin da ake yin ta ma sananne ne. Ana yi a farko wajen Fatiha, sai A'arafi, sai Maryam, sai Sad, wato kowane rubu'in Alƙur'ani. Ga ƙananan da ake yi a gefen takarda wajen izu da sumuni da sujada. Malaminmu ba ya taɓa maimaita zanen izu ɗaya sau biyu, izu sittin zane sittin. Da murfin kwalba da tsohon kwabo yake fitar da da'irar, sauran duk ido ne. Na taɓa tambayarsa ina yake samo su, ya ce in je in kalli faifan da matarsa ke rufe ƙwaryar fura da shi. Na ɗauka gatse ne. Da na je na duba, wallahi ga shi nan, zagaye cikin zagaye, ja da baƙi.

Khattat_Kd
Allah gafarta Malam ya yi bayani mai kyau, amma ni ina da ja da mai tambaya. Kalmar kwaikwayo ta yi nauyi. Ilmi ne ake koyo. Tun Ibn Muƙla, gwanin rubutu na Bagadaza wanda ya rasu a 940, aka ɗora rubutun Larabci a kan ma'auni, kowane harafi ana auna shi da ɗigon bakin alƙalamin da aka rubuta shi da shi. Alifin salon rubutun sulusi wajen ɗigo bakwai ne tsayinsa, in ka rage ko ka ƙara malami zai ja maka jan layi. A Istanbul ɗalibi sai ya yi watanni a kan layi ɗaya kafin a ce ya wuce gaba. Mu a nan yaro ya yi wata uku ya buɗe shago. In muka ce kowa ya tsaya a na gida, ina za mu sa Usman Ɗaha da ya rubuta mus'hafin Madina da ke kowane masallaci a garin nan? Salon nasahi ne fa, ba rubutunmu ba.

Gardi_na_Kawo
@Khattat_Kd wa ya ce maka namu ba shi da ma'auni? Je ka tsangaya ka rubuta allo ka karkace kafi ka gani ko ba za a wanke maka shi ba. Bambancin kawai mu ba a rubuta ƙa'idar a littafi ba, a hannun malam take.

Khattat_Kd
To ai matsalar ke nan. Malam ya rasu, ƙa'ida ta bi shi.

MaiAlƙalami_TW
Ni ma na koyi nasahi da sulusi, kuma da su nake ci, don mai saye su ya fi nema. Ban ce a bar su ba. Abin da ke damuna shi ne yaro ya san sunan Diwani da Kufi amma bai san akwai Barnawi ba.

Fanna_Yerwa
Yauwa, gara da ka ambata. Don na ga mutane suna cewa "rubutun allo" kamar abu ɗaya ne. Na Barno daban, na Kano daban. Barnawi ya fi kusurwa, kamar an gina shi. Amma duk sun haɗu a wasu abubuwa, fa ɗigonta a ƙasa, ƙafi ɗigo ɗaya a sama, irin na Magariba. Wanda ya saba da bugun Madina yakan yi tuntuɓe a nan.

BabaKakuri
'Ya'yana ku ba ni dama in sa baki, ko da yake ni ba marubucin Larabci ba ne. Na yi shekara goma sha tara a sashen zane na ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, lokacin da in aka tashi daga aiki kekuna ke rufe titi. Aikinmu fitar da zanen da za a buga a atamfa. Ba kwamfuta, takarda ce da burushi, kowane launi a fallensa daban, in ka kuskure da faɗin gashi wajen haɗa bakin zanen, yadi dubu sun lalace.

Shugaban sashenmu yana da wata al'ada. In ya ga mutum ya yi kwana biyu yana cizon fensir, sai ya ce tashi ka tafi kasuwa, kar ka dawo sai la'asar. Ba sayayya za ka yi ba, kallo. Ni wajen masu ƙwarya nake zuwa, da dukawa, da masu ɗinkin hula. Akwai zanen da na ɗauko daga jikin wata tsohuwar ƙwaryar Bafulatana mai tallar nono, 'yan layuka ne kamar haƙoran zarto da wani abu kamar ƙadangare a tsakiya. Na ba ta sulallan da ke aljihuna ta bar mini ƙwaryar na kwana ɗaya. Atamfar ta fita, mata suka sa mata suna da kansu, aka yi ankon biki da ita har na gaji da gani. Bayan shekaru masaƙa ta rufe, wata rana na ga zanen nan nawa a Kasuwar Gumi, an bugo shi daga ƙasar waje, an ɗan canza launi. Na tsaya na daɗe. Mai shagon ya ce Baba za ka saya ne? Na ce a'a, gaisawa muke.

To ni da na ɗauko daga wajen Bafulatana, wa zan kai ƙara?

Ummu_Hanan
Kai Baba, "gaisawa muke" ɗin nan ta taɓa ni wallahi.

Zee_Lalle
Baba ya faɗi gaskiya. Ni mai lalle ce, kuma ina ɗan taɓa zane a takarda. Amare duk hoton Indiya da Dubai suke miƙo mini a waya. Amma ranar da na yi wa wata dagi a bayan hannu, irin na wuyan babbar riga, ƙawayenta shida suka ce shi suke so. Kuma maganar da ba a so a faɗa, maza kun fi mu samun suna a harkar nan, alhali rabin zanen da kuke taƙama da shi daga faifai da tabarma da ƙunshi ya fito. Alaramma ma ya shaida da bakinsa.

Alaramma_Badarawa
Na shaida Hajiya, ban janye ba.

Samaru_Boy
Wannan muhawarar fa an yi ta tun kafin a haifi yawancinmu, kuma a jihar nan aka yi ta. A 1958, a kwalejin Zariya da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Malamansu Turawa na koya musu zane irin na Ingila, su kuma suka ce za su karɓi dabarar amma kowa ya koma garinsu ya ɗebo abin da zai zuba a ciki. Uche Okeke ya koma kan uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, wajen mahaifiyarsa ya samo.

Wanda ma ya fi kusa da maganarmu shi ne Ibrahim El-Salahi na Sudan. Mahaifinsa malamin makarantar allo ne a Omdurman. Ya je Landan ya yi karatun zane, ya dawo Khartum ya baje kolin aikinsa, mutane suka zo buɗewa ba su sake waiwayowa ba. Sai ya fara sa haruffan Larabci da siffofin allo a cikin zanen, yana warware harafi har ya zama wata halitta. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya yi masa babban baje koli. Ka ga ya je can ɗin, kuma ya dawo ga allo. Don haka ni a ganina MaiAlƙalami da Khattat rigimar banza kuke.

Khattat_Kd
Ba rigima muke ba Yaya. Amma ka lura, sai da ya je ya koyo ɗin tukuna.

Gardi_na_Kawo
Kuma sai da ya dawo aka san shi.

AbuSumayya
Ni tambayata ɗaya. Mai tambaya ya ce yana zanen bangon littafi. Da mutane a ciki? Don hadisan da suka zo a kan masu suranta abu mai rai ba ɓoyayyu ba ne, suna cikin Bukhari da Muslim. Sannan waɗannan murabba'ai na zayyana, wasu fa daga hatimi aka ɗauko su. A yi hattara.

MaiAlƙalami_TW
Na gode da nasiha Malam. Littattafan yara nake yi wa, kuma na tambayi malamai kafin in fara, akwai masu sassauci a abin da ya shafi koyarwa, akwai masu tsanani. Na ɗauki abin da zuciyata ta natsu da shi. Ayar Alƙur'ani kuwa ban taɓa lanƙwasa ta ta zama tsuntsu ko zaki ba, ko an biya ni ba na yi.

Alaramma_Badarawa
Zayyana daban, hatimi daban. Hatimi gidaje ne da haruffa ko lissafi a ciki. Zayyana ado ce, ba a karanta komai a cikinta.

AbuSumayya
Siffar fa? Ai ido ba ya ƙarya.

Admin_Zaure
Jama'a don Allah, mas'alar hoto mun yi ta a watan jiya har aka fitar da mutum biyu. Mai son fatawa ya nemi malaminsa. A koma kan tambaya.

Kyom_Kwoi
Sannunku. Ni daga Jaba nake, ina zane wa littattafan firamare, Hausa da Turanci. Ban iya Larabci ba, amma tambayar ta shafe ni. Ƙauyen Nok yana ƙaramar hukumarmu, inda masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu a 1928. Kan wani mutum-mutumin kuma da aka samu a wajen garin Jama'a, wani ya kafa shi a gonar doya yana korar dabbobi da shi, kafin ya kai hannun Bature mai binciken kayan tarihi Bernard Fagg a 1943. Abin da ya wuce shekara dubu biyu fa! Ni ban taɓa ganin su ba sai da aka kawo mu gidan tarihi na titin Ali Akilu muna sakandare. Idanun ne suka kama ni, masu kusurwa uku, da rami a tsakiya. Har yau duk yaron da na zana, editoci na cewa idanunsa sun yi girma. Na daina musu, haka hannuna yake.

Kuma Malam MaiAlƙalami, ina da maƙwabci a Unguwar Rimi da ke rubuta allo da asuba. Yadda yake jan wutsiyar harafi a ƙarshen layi ta zagayo ƙasa, na sace wannan na sa a wutsiyar biri a wani littafi. Bai sani ba har yau.

Zee_Lalle
Yanzu ya sani 😅

Oga_Fenti_Panteka
Ku duk 'yan takarda ne. Mu da ke zanen bayan manyan motoci ba mai tuna mu. Direba ne ke kawo maganarsa, "Haƙuri maganin zaman duniya" ko "Ba a gama ba", wani ya ce a sa masa dawisu, wani zaki, wani masallacin Madina. Ni nawa in san yadda za a karanta shi daga nesa mota na gudu. Ubangidana ya koya mini yi wa harafi inuwa ta hanyar kallon rubutun tsofaffin kwanon talla na enamel. To wannan na gida ne ko na waje?

Samaru_Boy
Tambayar Oga ta fi ƙarfina.

Malama_Tarihi
Ina so in ɗan gyara wani abu, don kar mu mai da "na gida" kamar abin da ya tsiro daga ƙasa. Takardar da kakanninmu suka rubuta Alƙur'ani a kai, da yawanta daga Italiya ta zo ta hanyar Tarabulus, in ka ɗaga ta a haske za ka ga tambarin jinjirin wata uku. Salon rubutun kansa ta Magariba ya biyo. Dagin ma akwai irinsa a wurare da yawa na duniya. Abin da ya mai da su namu shi ne abin da aka yi da su a nan, da alƙalamin gamba da tawadar gawayi da ƙaro.

Mai son gani da idonsa ya je Gidan Arewa a titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, akwai rubuce-rubucen hannu a ajiye. Akwai kuma a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke titin Yakubu Gowon. Kuma in ka je Zariya ka tsaya a ƙofar fada ka kalli bangon da kyau, sannan ka nemi ganin abin da ya rage na tsohon ginin masallacin Juma'a na Babban Gwani Muhammadu Durugu, na zamanin Sarki Abdulkarimu. Magini da mai zayyana da maɗinkin aska takwas duk rijiya ɗaya suke ɗiba, ba ka iya cewa ga wanda ya fara jefa guga.

ƊanRigasa01
Ni dai ajamin da na fi so shi ne na jikin naira dubu. Shi ma sun cire na ƙananan tun 2007.

Fanna_Yerwa
Da na ɗari a 2014. Amma wannan wata maganar ce, kar admin ya dawo.

Auwal_Graphics
Gaskiya ni a kwamfuta nake komai, kuma ba na jin kunya. Akwai ma salon haruffa mai suna Alkalami da aka ƙera a kan rubutun Kano, kyauta ne, ina amfani da shi a katin biki. Yanzu kuma ga manhajojin da za ka gaya wa abin da kake so su zano maka cikin minti ɗaya. Wanda ke jiran ilhama daga faifai kwastoma zai bar shi.

Gardi_na_Kawo
Ka ce ta zano maka allon zayyana ka turo mana mu gani.

Auwal_Graphics
Na gwada. Ta zano wani katako kamar na yanka albasa, da rubutun da ba Larabci ba ba Ajami ba. Amma za ta koya ai.

BabaKakuri
Haka muka ce wa kanmu sa'ad da aka fara shigo da atamfar waje, mun ce ba za su iya kalar mu ba. Ɗana Auwal ya fi ku gaskiya a nan, ko da ba daɗi.

MaiAlƙalami_TW
Na karanta duka, na gode ƙwarai. Malama Tarihi kin rage mini kaifi, na yarda kalmar kwaikwayo ta yi yawa, @Khattat_Kd a yi haƙuri. Amma ban sauka gaba ɗaya ba.

Yau da safe na ajiye alƙalamin ƙarfe na nemo kara. Na feƙe shi da reza, na tsaga bakin kaɗan don ya riƙe tawada, na yanke shi a karkace. Layin farko ya yi dumɓu-dumɓu, tawada ta yi ruwa, sai da na ƙara ƙaro. A layi na uku sai ga wannan ƙarar, ƙiii, ta kara a kan takarda, wadda na saba ji daga zaure ina kwance. Na rubuta Bisimilla irin ta Baba, ba'un nan mai tsayi da sinin da ake ja. Ba ta yi kyau ba, hannuna ya saba da sulusi, yana ta son ya lanƙwashe inda ya kamata ya tsaya ƙyam. Sai na ga ashe abin da nake zargin yara da shi ni ma yana jikina.

Na kira yayana a Zariya in tambayi allon. Ya ce tun da aka rushe zauren aka yi shaguna bai san wanda ya ɗauka ba, amma zai tambayi Gwaggo.

Khattat_Kd
Ba komai Malam. In an samu ka kira ni, ina so in auna haruffan da ɗigo in ga ko akwai ƙa'idar da Gardi ke faɗa.

Gardi_na_Kawo
Ka zo da ɗigonka, za ka sha mamaki.

Zee_Lalle
A ɗauko mana hoton murabba'in don Allah, ina da amarya ranar Alhamis.

Alaramma_Badarawa
Karan me ka yi amfani da shi? In na dawa ne shi ya sa ya yi maka dumɓu, bakinsa saurin laushi gare shi. Ka bari kaka ta yi, almajiraina na zuwa yankan gamba ta wajen Rigachikun, zan sa a ajiye maka dami ɗaya.